Kunshin kayan majinyaci ɗaya na ɗakin killacewa, ga yadda na same shi a bakin aiki

Wannan kunshin da ake ajiyewa a ƙofar ɗakin killacewa, wanda ake buɗe wa majinyaci ɗaya a bar masa har ranar da zai fita, shi nake so mu tattauna a kai, don mun jima muna aiki da shi a wod kuma kowa na da abin faɗa amma sai dai a yi ta gunaguni lokacin miƙa aiki a watse. Leda ce mai haske a liƙe, ciki akwai maɗaurin hannu na awon bipi, da sitetoskof na roba, wato abin sauraren ƙirji, da tamomita ta hammata, da robar ɗaure hannu ta neman jijiya, sai ƙaramin gwangwanin tishu mai danshi na goge kaya, da takardar liƙawa da ake rubuta sunan mai shi da lambar gado. Ba zan kira sunan kamfani ba, masu yin irinsa suna da yawa kuma in ka buɗe duk kanwar ja ce.

Ra'ayina tun daga farko, maɗaurin da tamomitar sun biya kuɗinsu, sitetoskof ɗin bai yi ba ko kaɗan, tishun kuma shi ne ya fi ba ni tsoro saboda yana sa ma'aikaci ya ji ya gama aiki alhali wani lokacin bai kashe komai ba.

Ga wanda ba a harkar yake ba, dalilin kunshin shi ne kayan da muke ganin ba su da wani haɗari su ne suka fi yawo. Tun 1968 Earle Spaulding ya kasa kayan asibiti gida uku gwargwadon inda suke taɓawa a jiki. Akwai masu shiga cikin nama ko jini kamar kayan tiyata, waɗannan sai an kashe duk wata ƙwaya da ke jikinsu tas. Akwai masu taɓa cikin baki ko hanci ko fatar da ta yage, su ma ana yi musu tsabtacewa mai ƙarfi. Sai na ukun masu taɓa lafiyayyar fata kawai, nan ne bipi da sitetoskof da tamomitar hammata da sandar rataye ruwa suka faɗo, kuma da yake su ne na ƙarshe a jerin sai aka raina su, babu mai kai su ɗakin da ake dafa kayan aiki don kashe ƙwayoyin cuta, babu mai sa hannu a littafi ya ce na tsabtace, daga gado na ɗaya zuwa gado na ashirin abu ɗaya ake jan sa a tiroli. Ƙa'idar killacewa da hukumar CDC ta Amurka ta fitar a 2007 ta faɗi abin a sarari, majinyacin da aka killace saboda cutar da ake ɗauka ta taɓawa a ba shi kayan amfani a yar, ko a ware masa nasa shi kaɗai, in kuma babu makawa sai an raba to a wanke a kashe ƙwayoyin kafin a kai wa wani. Kunshin nan ƙoƙari ne na sauƙaƙa zaɓi na farko da na biyu.

Maɗaurin bipi shi na fi yabawa, kuma duk nas ɗin da ta taɓa zama ta ce za ta tsabtace tsohon maɗauri na yadi ta san dalili. Yadin na shan gumi, wajen maƙalewar nan mai ƙaiƙayi yana tara gashi da zare da ɓawon fata, ka goga ka goga tishun ya yage abin na nan, in ka jiƙa shi sosai kuma ba zai bushe ba kafin awo na gaba. Na cikin kunshin sumul yake, ba ya shan ruwa, in jini ko amai ya taɓa shi ka jefar ka buɗe wani ba tare da zuciyarka ta yi nauyi ba. Awonsa ma bai saɓa da na tsohon ba in dai girman ya dace da hannun. To a nan ne matsalarsa take, girma ɗaya ake sakawa a kunshin, na babban mutum matsakaici. Ƙa'ida kuwa faɗin jakar iskar da ke ciki ya kai kusan kashi 40 cikin 100 na zagayen damtse, tsawonta kuma kusan kashi 80, in maɗaurin ya yi wa hannu kaɗan awon zai hau sama fiye da gaskiya, in ya yi yawa ya sauko. Mai ƙiba ko wanda ciwo ya rame shi sosai ba su da rabo a kunshin ke nan, kuma abin da ke faruwa a zahiri shi ne wani ya ruga ɗakin gefe ya aro babban maɗauri, ya auna, ya mayar. Sannan bakin bututun ba kowace na'ura yake shiga ba, sai da wani ɗan mahaɗi ƙarami da ke ɓata kullum, mu dai mun koma ɗaure shi a jikin na'urar don kada ya bi shara.

Tamomitar ba wani abin a zo a gani ba ce, tana ɗan jinkiri kafin ta yi ƙara, lambobin ƙanana ne, in kana sanye da gilashin kariya da ya yi hazo sai ka kai ta kusa da fitila. Amma ni ko da ta fi haka jinkiri zan zaɓe ta, saboda abin da ya faru a Oxford ta Ingila. Daga 2015 zuwa 2017 an samu majinyata 70 ɗauke da wani naman gwari mai suna Candida auris a sashen kulawa mai tsanani na masu ciwon ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da aka bi diddigi sai aka gano alaƙa mai ƙarfi da wayoyin auna zafi na hammata da ake amfani da su a sake amfani, ana goge su fa tsakanin majinyata, amma abin bai lafa ba sai da aka janye su daga aiki. Wannan naman gwarin a 2009 aka fara bayyana shi a Japan, yana maƙale wa fata da roba ya daɗe, kuma sau da yawa ba ya jin wasu magungunan da ake ba mutum yadda ake so. Hammata wuri ne mai ɗumi da danshi inda irin waɗannan ke zama, don haka tamomita ɗaya ga mutum ɗaya ba almubazzaranci ba ne.

Robar ɗaure hannu kuwa lafiya lau, tana riƙewa, ba ta cizon fata, a yi amfani a yar. Ba ni da ƙorafi.

Sitetoskof ɗin ne ya ɓata rawarsa da tsalle. Wallahi in ka sa shi a kunne abin da ka fi ji shi ne ƙarar rigar ledar da ke jikinka da numfashinka cikin takunkumi. Bututun siriri ne kuma gajere, dole ka sunkuya har fuskarka ta kusa taɓa majinyacin da aka ce ka yi nesa da shi, abin kunnen mai tauri ne ba ya toshe iska, bayan minti biyu kunne na zafi. Don awon bipi da hannu yana iya wucewa, za ka ji bugun ko da a dushe. Amma a ce likita ya saurari ƙasan huhu ya bambance ruwa ne ko majina, ko ya kama wata ƙaramar ƙara a zuciya, wannan kam sai dai a yi hasashe. Kuma majinyatan ɗakin killacewa su ne suka fi buƙatar a saurare su da kyau.

Abin da ke biyo baya kowa ya sani. Likita ya shigo ya gwada na robar, ya yi tsaki, ya zura hannu mai safa cikin wuyan rigar kariya ya zaro nasa na ƙwarai, ya saurara, ya mayar wuya, ya fito ya cire safa ya wanke hannu tsaf kamar yadda aka koyar, ya wuce gado na gaba da abin rataye a wuyansa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin da babu na robar a ɗakin wataƙila da ya tuna ya goge nasa, amma da yake a takarda an rubuta ɗakin na da nasa sitetoskof, babu wanda ke sa ido kan na wuyan. Wani bincike da aka yi a Janiba aka buga a 2014 ya nuna bayan an duba majinyaci sau ɗaya tak, faifan sitetoskof na ɗauke da ƙwayoyin cuta fiye da kowane ɓangare na hannun likitan in ban da kan yatsu, har da MRSA, ƙwayar cutar nan da ba ta jin magunguna da dama, a cikin abin da aka auna. Hannu dai ana ta wa'azi a kansa, akwai lokuta biyar na tsabtace hannu na Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, a manne a kowane bango, shi kuwa faifan yana taɓa ƙirji goma ba wanda ya ce masa uffan.

Ban ga laifin likitocin sosai ba gaskiya, mutum ba zai yanke hukuncin magani da abin da ba ya ji ba. Mafitar da muka ga ta fi aiki ita ce a ajiye sitetoskof na gaske mai matsakaicin inganci a rataye cikin ɗakin, a sa masa alama mai launi, kada ya fito sai an sallami majinyacin. Amma a tuna shi ma kunnuwa da yawa ke shiga, don haka a goge abin kunnen da faifan kafin a sa da bayan an cire, kuma kada a kai safar da ta taɓa majinyaci kusa da fuska wajen gyara shi.

Yanzu tishun. Ku juya gwangwanin ku karanta abin da ke ciki, don Allah, kafin ku yarda da hoton ƙwayar cuta da aka ja wa jan layi a gaba. Na cikin kunshinmu sifirit ne haɗe da sinadarin nan na dangin amoniyam da ake sa wa yawancin tishun asibiti. Ga MRSA da ƙwayar mura da makamantansu ya wadatar. Amma wa muka fi killacewa saboda taɓawa? Masu gudawa. Kuma C. difficile, wadda ke kama mutum bayan ya sha magungunan kashe ƙwayoyin cuta, tana shiga wani ɓawo mai tauri ta kwanta, a haka tana iya yin watanni a jikin ƙarfen gado ko kujerar bayan gida, sifirit ba ya kashe ta, wancan sinadarin ma ba ya kashe ta, ko a hannu ma shi ya sa ake cewa a wanke da sabulu da ruwa maimakon man shafa hannu mai sifirit. Norobairos mai sa amai da gudawa ita ma ba ta cika jin sifirit ba. Candida auris ma an san tishun da ya dogara da wancan sinadarin kaɗai ba abin dogaro ba ne a kanta. Ke nan kunshin da aka yi musamman don ɗakin killacewa ya zo da tishun da bai dace da manyan baƙin ɗakin ba, kuma babu gargaɗi a jikin ledar, sai can ƙasan gwangwanin da ƙananan haruffa.

Ga waɗannan sai kulorin, ko tishu mai bilic ko mai sinadarin da aka rubuta ƙarara yana kashe masu ɓawon. In ruwa za a haɗa, kashi 0.1 cikin 100 shi ne na goge kaya da saman abubuwa, kashi 0.5 na inda jini ko ruwan jiki ya zube da yawa, wasu asibitocin ma mai ƙarfin suke amfani da shi ga C. difficile, kowa ya bi ƙa'idar wurin aikinsa. In bilic ɗin mai ƙarfin kashi 5 ne, awo ɗaya cikin awo 49 na ruwa zai ba da na farko, awo ɗaya cikin 9 ya ba da na biyu. A haɗa sabo kullum don yana sanyi in ya kwana, kuma ba ya aiki a kan datti, sai an fara share abin da ido ke gani tukuna. Illarsa yana cin ƙarfe, yana sa roba ta bushe ta tsage, wayar na'urar auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa ta fi kowa shan wahala, shi ya sa ake duba takardar kamfanin da ya ƙera na'urar a ga me ya yarda a goge ta da shi, kuma ba a tsoma ta cikin ruwa.

Ko a inda tishun ya dace da cutar, akwai batun lokacin danshi. Kowane sinadari na da mintunan da dole wurin ya zauna a jiƙe kafin ya yi aiki, an rubuta a gwangwanin, kuma shafa ɗaya da ta bushe nan take ba ta cika wannan ba. Tishun kunshin ƙanana ne kuma ba su da ruwa sosai, murfin ma ba ya rufuwa da kyau, in aka bar shi a buɗe dare ɗaya na saman duk sun zama takarda. Sai ka ga mutum ya zari guda ɗaya ya goge fuskar na'ura da shi, ya bi waya, ya bi hannun tiroli, ya ƙarasa da tebur, wato ya kwashe daga nan ya shafa can. Tishu ɗaya wuri ɗaya ne, daga mai tsabta zuwa mai datti, daga sama zuwa ƙasa, ba a komawa inda aka wuce. Da wannan lissafin gwangwanin ba ya kai ko'ina.

Abin da kunshin bai taɓa ba ma ya fi wanda ya taɓa yawa, kuma ba laifinsa ba ne, amma masu saye su sani kada su ɗauka sun gama. Maɗaurin na majinyaci ɗaya ne, to ita na'urar da ake jona shi fa? Tana da maɓallai da dogon bututu da tayoyi, kuma in wod ɗin guda biyu gare shi dole ta shiga ta fito. Haka na'urar hoton ƙirji ta tafi da gidanka, da ta sikanin, da wayoyin gwajin zuciya, da famfon ƙarin ruwa, da keken tura majinyaci, da kwamfutar da ake turawa gado gado. Yadda muke yi in ya zama dole, ana barin ɗakin killacewa ya zama na ƙarshe a zagaye in yanayin majinyacin ya ba da dama, ana cire duk tarkacen da ke kwandon na'urar kafin a shiga don duk abin da ya shiga ɗakin ya zama nasa, farantin hoto a sa shi cikin leda, kuma in da hali mutum biyu, ɗaya ya taɓa majinyaci ɗaya ya taɓa na'ura kawai. Ana gogewa a bakin ƙofa da sabuwar safa, ba da wadda aka juya majinyaci da ita ba, a jira mintunan su cika sannan a tura ta waje.

Na'urar gwajin suga ita na so a ce an saka a kunshin ko da mai sauƙi ce. Tana taɓa jini kai tsaye, ɗigon da ido ba ya gani ya isa, kuma ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini. An sha samun ɓarkewar cutar a gidajen kula da tsofaffi saboda raba kayan gwajin suga. Abin huda yatsa dai ba a raba shi ko an canza allura, wannan babu jayayya, ita kuma na'urar in an raba dole a goge ta bayan kowane mutum, in kamfanin da ya ƙera ta bai faɗi yadda za a tsabtace ta ba to ba ta raba ba ce.

Wani abin lura, ba kowane killacewa ke buƙatar kunshin da gaggawa iri ɗaya ba. Mai tarin fuka haɗarinsa a iska yake, abin da ya fi muhimmanci shi ne takunkumin N95 da ƙofa a rufe da yadda iska ke fita, ba maɗaurin hannu ba. Na ga ana fasa kunshi ga duk wanda aka manna wa kati a ƙofa, sai a wayi gari mai gudawa ko mai ciwon da ke tsiyayar ruwa ya zo a ce sun ƙare. In kaya sun yi ƙaranci waɗannan ya kamata a fara ba wa.

Shara ma abin dubawa ce. Duk kunshin da aka buɗe ƙarshensa jakar sharar asibiti, har da abin da ba a taɓa ba, domin ya riga ya kwana a ɗakin, kuma da yake ba a sayar da kayan ɗai ɗai, in maɗauri ya lalace sai an fasa sabuwar leda gaba ɗaya a samu sitetoskof na biyu da babu mai so. Tamomitar kuma da ɗan batir a cikinta, bai kamata ta bi abin da za a ƙona ba, amma babu ko layi ɗaya a ledar da ya yi bayanin haka.

Takardar liƙa suna tana da amfani fiye da yadda na zata, musamman in an haɗa masu cuta iri ɗaya a ɗaki ɗaya, don ko a nan ma ba a so kaya su gauraya, mutum na iya ɗauke da wata ƙwayar daban da ta maƙwabcinsa. Sai dai gam ɗinta ba ya jure kulorin, gogewa kaɗan ta ɓare, mun koma rubutawa da alƙalamin maka a jikin maɗaurin kai tsaye. Abin da babu a kunshin kuma muka ƙara da kanmu shi ne wata takardar daban mai launi da ake manna wa na'urar da ta fito daga ɗakin, a rubuta an goge, da kwanan wata da lokaci da sunan wanda ya goge. Kafin ita kullum rigima ce, nas na cewa aikin masu shara ne, masu shara na cewa an hana su taɓa duk abin da ke da waya, mai ɗaukar hoto na cewa shi aro ya zo yi. Yanzu duk na'urar da ke tsaye a baranda babu takardar a jikinta ana ɗaukar ta mai datti ce, wanda zai ja ta shi zai fara gogewa.